Gwajinta ya dawo daidai, amma jikinta bai manta da alkama ba: lamarin wata yarinya mai cutar siliyak

Cutar siliyak, wadda garkuwar jiki ke lalata ƙaramin hanji idan an ci alkama da danginta, tana ruɗa iyaye sau biyu, na farko kafin a gano ta, na biyu kuma bayan yaro ya samu sauƙi. Ruɗanin farko kowa ya san shi, yaro yana ci baya ƙiba ana ta yawon asibiti da shi. Na biyun ne ba a cika magana akai ba kuma a ganina shi yafi ɓarna, shi yasa na ɗauko lamarin wata yarinya da muke bi a sashen yara. Na cire duk abinda zai sa a gane ta ko iyayenta.

Shekararta 6 da aka kawo ta amma duk wanda ya ganta zai ce bata wuce 4 ba. Ciki ya kumbura ya yi gaba, hannu da ƙafa sirara, naman ɗuwawu ya zube har fatar wurin ta yi ninki, ga kashi mai yawa fari-fari mai maiƙo da wari sosai, ga rigima, abu kaɗan sai kuka. Maman tace "Likita wallahi tana ci, ni dai ban san inda abincin yake tafiya ba." An bata maganin tsutsa ba sau ɗaya ba, an ɗora ta akan maganin ƙarin jini na sha watanni da dama amma jinin ko motsi bai yi ba. Wannan ɗin shi ya fara ɗaga mana hankali, domin sinadarin ayon, wato ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, a farkon ƙaramin hanji jiki yake tsotsarsa, kuma daidai wurin ne siliyak take fara ci, to in wurin ya lalace ko kwalba nawa aka sha banza ne. Da aka duba katin awonta sai aka ga tun wajen shekara 2 layin tsayinta da na nauyi suka fara gangarowa a hankali ba wanda ya lura. Sababbin haƙoran gaba da suka fara fitowa kuma suna da tabo da 'yan ramuka iri ɗaya a dama da hagu, ga gyambon baki da yake zuwa yana tafiya.

Matsala ta farko ita ce maman ta riga mu. Ta karanta a intanet, ta yi zargin alkama, ta cire wa yarinyar burodi da taliya da biskit kusan wata 2 kafin su zo, kuma gaskiya yarinyar ta ɗan ji dama. Da aka yi gwajin jinin da ake kira tTG-IgA, mai auna wani antibodi, wato furotin da garkuwar jiki ke yi don kai hari, sai ya fito ya ɗan haura iyaka kaɗan, ba a ce babu ba kuma ba a ce akwai ba. Dole aka ce ta koma ta ci alkama kullum na wani lokaci sannan a sake gwaji. Maman bata ji daɗi ba ko kaɗan, tace yanzu da hannuna zan riƙa bata abinda na san yana cutar da ita? Kuma tana da gaskiyarta. Amma ganewar da za a ɗora yaro akanta har ƙarshen rayuwarsa ba a gina ta akan zato, kuma gwaje-gwajen siliyak, na jini da na hanji, banda gwajin gado, suna aiki ne kawai idan gulutin, wato furotin da ke cikin alkama, yana shiga jiki.

Bayan ta koma cin alkama aka sake, tTG-IgA ya haura ninki 10 na iyakar da ake ɗauka lafiya. Aka ɗebi jini karo na biyu daban aka yi gwajin EMA, wani gwajin antibodi na tabbatarwa, shima ya nuna akwai. An kuma auna jimillar IgA na jikinta, wato nau'in antibodin da waɗannan gwaje-gwajen suke dogara da shi, wannan mutane na mantawa da shi, alhali kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na masu siliyak basa yin IgA isasshe, su gwajin zai fito babu komai ne alhali cutar na nan, sai an koma gwajin IgG, wani nau'in antibodi daban. Nata dai lafiya lau. A ƙa'idar ƙungiyar likitocin ciki da hanta na yara ta Turai, ESPGHAN, wadda aka sabunta a 2020, yaron da ya cika waɗannan sharuɗɗa ba sai an zura masa kyamara an gutsuro naman hanji ba, an gano cutar kenan. Iyayen suka yi murna da an tsallake wannan. Ku riƙe wannan a rai domin zai dawo daga baya.

Abinda yake faruwa a cikin hanjin

Gulutin furotin ne da yake cikin alkama da sha'ir da hatsin rai, shi yake sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo ya tashi. Abinda ya bambanta shi da sauran furotin shine yana cike da amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, guda biyu, furolin da gulutamin, kuma enzayim ɗin cikinmu, wato sinadaran da suke narkar da abinci, basa iya yanka wuraren da furolin ya yi yawa. Wannan ga kowa ne fa ba mai cuta kaɗai ba. Sai ya zama dogayen gutsattsari suna isa ƙaramin hanji ba a narkar da su ba, akwai wani sananne mai amino asid 33 da masu bincike a jami'ar Stanford suka bayyana a 2002. A jikin yawancin mutane gutsattsarin nan wucewa suke ba wanda ya kula su.

A jikin yarinyar nan abubuwa biyu ne suka haɗu. Na ɗaya gado. Akwai wasu furotin a saman ƙwayoyin garkuwar jiki da aikinsu shine su ɗauko gutsuren abu su miƙa wa ƙwayoyin T, wasu sojojin garkuwar jiki, su duba ko abokin gaba ne, ana kiransu HLA, kuma kowa da irin da ya gada. Kusan duk mai siliyak yana da nau'in DQ2 ko DQ8, DQ2 ɗin yafi yawa nesa ba kusa ba. Na biyu wani enzayim ne na jikinmu mai suna tTG, wanda aikinsa na asali gyaran nama ne idan an ji rauni. Idan ya haɗu da gutsuren gulutin a ƙarƙashin fatar hanji sai ya canza wasu gulutamin ɗin zuwa gulutamet, wannan ɗan canjin kuma shi yake sa gutsuren ya zauna daram a cikin DQ2 ko DQ8 ya ƙi fita. Daga nan sai ƙwayoyin T nau'in CD4 su gani su ɗauka cuta ce ta shigo, su hayayyafa, su fara zubo sinadaran kumburi irinsu intaferon gama da IL-21.

Su CD4 ɗin ba su suke kashe fatar hanji da kansu ba. Akwai wasu ƙwayoyin T, nau'in CD8, da suke zaune tsakanin ƙwayoyin fatar hanjin kanta. Fatar da take cikin wahala tana fitar da sinadarin IL-15 da wasu alamomi a samanta, CD4 na ta zuga daga ƙasa, sai waɗannan CD8 ɗin su koma kashe maƙwabtansu. Bangon ƙaramin hanji a al'ada cike yake da 'yan tsirrai masu siffar yatsu, su suke faɗaɗa wurin tsotsar abinci har ya kai wajen murabba'in mita 30 a babba, kuma fatarsu tana sabuntuwa duk bayan kwana 3 zuwa 5. Idan kisan yafi sabuntawar sauri sai yatsun su gajarce har su shafe, ramukan da ke ƙarƙashinsu inda ake haifar sababbin ƙwayoyi su yi zurfi saboda aikin ya yi musu yawa. Ga inda abincin yarinyar yake tafiya, wucewa yake.

To antibodin da muke aunawa fa, na tTG? Sai a 1997 wasu masu bincike a Jamus suka gano cewa tTG ne jiki yake kai wa hari. Abin tambaya shine meyasa cin alkama zai sa jiki ya yi antibodi akan enzayim ɗinsa na kansa. Bayanin da yafi karɓuwa, wanda ƙungiyar Ludvig Sollid a Oslo ta kawo, shine tTG yana manne wa da gutsuren gulutin su zama abu ɗaya, sai ƙwayar B, wato ƙwayar garkuwa mai yin antibodi, da take gane tTG ta haɗiye su tare, ta miƙa ɓangaren gulutin ɗin a samanta, ita kuma ƙwayar T mai ƙin gulutin ta gani ta bata umarnin ta fara yin antibodi. Ma'ana ƙwayar B ɗin bata iya komai sai da taimakon T, ita kuma T bata motsi sai da gulutin. Cire gulutin, umarni ya tsaya, antibodi ya sauka. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci duk abinda ya faru da yarinyar nan daga baya: saukar antibodi shaida ce cewa gulutin ya daina shiga, shikenan, bata ce komai akan ko ƙwayoyin T ɗin sun tafi ba.

Kuma gado kaɗai baya kawo cutar. Kusan kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na mutane a ƙasashe da yawa suna ɗauke da DQ2 ko DQ8, suna cin alkama kullum, amma masu siliyak basu wuce wajen 1 cikin 100 na jama'a ba. Masu cewa cutar Turawa ce kuma su sani, ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a duniya a yaran Sahrawi ne na Yammacin Sahara, kashi 5.6 cikin 100 a binciken da Carlo Catassi da abokan aikinsa suka fitar a 1999.

Bayan an cire gulutin

Abinda ya fara canzawa ba ciki bane, hali ne. Cikin sati biyu zuwa uku maman tace yarinyar ta daina rigima, tana wasa, tana neman abinci da kanta. Kashi ya daidaita daga baya. Madara ce ta ɗan dame ta a farko, dalili kuwa enzayim ɗin da yake narkar da sugan madara a kan bakin yatsun hanjin nan yake zaune, in sun shafe shima ya tafi, da suka fara tsirowa matsalar ta wuce da kanta. Aka ci gaba da bata ayon, wannan karon jini ya hau. Nauyi ya fara dawowa da sauri, tsayi ya biyo baya a hankali, haka dama yake.

A wata 6 tTG ya sauka sosai. Sai kuma ya tsaya cak, an sake aunawa bayan wasu watanni yana nan a inda yake, sama da iyaka. Iyayen suka rantse ko ƙwayar alkama bata ci, kuma ba ƙarya suke ba a iya saninsu. Da mai ba da shawarar abinci ta zauna da maman suka bi kicin ɗin daki-daki sai abubuwa suka fito: rariya ɗaya ake tankaɗe fulawar alkama da garin yarinyar, man da aka soya abu mai fulawa da shi ake soya nata, wuƙa ɗaya ake shafa bota a burodin 'yan uwanta a maida ita cikin robar, sannan wani lemon malt da ake bata don ta ƙara jini, alhali malt daga sha'ir ake yinsa. Mutane na ganin wannan kamar tsanani ne ya yi yawa amma lissafin ne haka. Mai cin abinci na yau da kullum inda alkama take da yawa yana cin gram 10 zuwa 20 na gulutin a rana. A wani bincike na 2007 da aka yi akan manya masu siliyak, miligram 50 kacal a rana na tsawon kwana 90 ya isa ya taɓa yatsun hanji, wato ɗan ɓurɓushin burodi. Shi yasa ƙa'idar Codex ta duniya ta ce abincin da za a rubuta masa babu gulutin kada ya wuce miligram 20 a kowane kilo.

Aka ware mata rariyarta da cokalinta da robar botarta, aka daina lemon. Shinkafa, masara, gero, dawa, dankali, wake, nama, kifi, ƙwai, kayan lambu, duk babu gulutin a cikinsu tun asali, abin lura kawai kada a niƙa su a injin da aka niƙa alkama. Kafin ta cika shekara 2 da fara wannan tsarin tTG ya shiga cikin iyakar lafiya. Ta kamo tsaranta a nauyi, ta kusa kamo su a tsayi, cikin ya koma, kumatu sun fito.

Inda abin ya karkace

Kakarta ta wajen uba ce ta fara magana, kuma ba da mugun nufi ba, tausayi ne. Tace yarinya ta warke ga takarda ta nuna, har yaushe za a riƙa hana ta abinda 'yan uwanta ke ci tana kallo. Uban dama tun farko yana da ɗan shakku, yace ai ba a ma duba hanjin ba, jini kawai aka ɗiba, wa ya sani ko tsutsa ce ta yi mata yawa lokacin. Aka fara da biskit ɗaya a gwada. Shiru. Aka bata burodi. Shiru, ba gudawa ba amai ba ciwon ciki. Maman ta ja da farko amma da ta ga ba abinda ya faru ita ma jikinta ya yi sanyi, kuma ni ban ga laifinta ba, mutum ya fi yarda da idonsa. Cikin ɗan lokaci yarinyar ta koma cin komai, suka tsallake zuwan asibiti guda, basu dawo ba sai bayan wajen wata 8.

Ta shigo da fara'arta ba abinda yake damunta. Ma'auni ne ya tona. Tsayinta kusan bai ƙaru ba a tsawon lokacin, feritin wato ajiyar ayon na jiki ya faɗi, tTG ya koma sama fiye da ninki 10. Da aka tambaya uban bai ɓoye ba, yace "Likita ni fa ban ga ciwo a jikin yarinyar nan ba." Saboda shakkun nan nasa, kuma tunda dama tana kan cin gulutin a lokacin, aka yanke shawarar a yi endoskofi, wato a zura kyamara, a gutsuro naman hanji a rufe maganar. Sakamakon ya nuna yatsun sun gajarce sosai, ramuka sun yi zurfi, ƙwayoyin T na cikin fata sun wuce 25 a kowace ƙwayar fata 100 nesa, abinda ake kira mataki na 3 a ma'aunin da Michael Marsh ya tsara a 1992. Aka nuna wa uban hoton gefe da gefe da na lafiyayyen hanji. Ya daɗe yana kallo sannan yace to ita meyasa bata jin zafi?

Tambaya ce mai kyau. Alamomi da ɓarnar hanji basa tafiya tare a wannan cutar, ƙaramin hanji dogo ne, in farkonsa ya lalace na ƙasa yana ɗaukar wani ɓangare na aikin, yaron da ya girma ya yi ƙwari zai iya ɗaukar shekaru ba gudawa alhali ayon da kalsiyam suna zurarewa, ƙashi baya tara ƙarfin da ya kamata ya tara a shekarun girma, balaga ta makara, tsayin da aka rasa bayan ƙasusuwa sun rufe kuma baya dawowa. Wasu yaran akasin haka ne, bayan shekaru basa cin gulutin in suka ci bisa kuskure cikin awa biyu sai amai da jiri. Waɗannan a wani ɓangaren sun fi sa'a, jikinsu yana tsawata musu.

Me cire gulutin yake gyarawa a garkuwar jiki, me kuma baya gyarawa? Antibodi yana sauka, ƙwayoyin da suke yinsa a bangon hanji suna raguwa, sinadaran kumburi suna lafawa, CD8 masu kisa suna raguwa, yatsu suna tsirowa, kuma a nan yara sun fi manya sosai, mafi yawan yara hanjinsu yana warkewa sarai cikin shekara 2 alhali manya da yawa suna ɗaukar shekaru wasu ma baya komawa daidai. Abinda baya tafiya shine ƙwayoyin T na CD4 masu tuna gulutin. Masu bincike a Oslo sun bi marasa lafiya suka samu zuriyar ƙwaya ɗaya tak, iri ɗaya, a jini da hanjin mutum ɗaya bayan shekaru gommai yana kan abinci marar gulutin. Garwashi ne a ƙarƙashin toka. An kuma nuna cewa mai siliyak da ya daɗe baya ci, in aka bashi gulutin sau ɗaya, cikin 'yan awanni sinadarin IL-2 yake tashi a jininsa, alamar waɗannan ƙwayoyin sun farka, tun kafin antibodi ya motsa da makonni. Akwai kuma wani rukunin ƙwayoyin T na cikin fatar hanji, gama-delta, da yawansu baya komawa daidai ko an cire gulutin, binciken ƙungiyar Bana Jabri a Chicago na 2019 ya nuna waɗanda suke wurin tun asali ma an maye gurbinsu da wasu daban kuma basu dawo ba. Wato hanjin da ya warke a ido bai koma irin na wanda bai taɓa yin cutar ba.

Tunanin kaka ba sabo bane, likitoci ma sun daɗe a kansa. Samuel Gee ya siffanta cutar a Landan a 1888 har ya ce maganinta a abinci yake amma bai gano wane abinci ba. A 1924 Sidney Haas a Amurka ya fito da tsarin ciyar da yaran da ayaba, suna samun sauƙi saboda an cire musu burodi ba tare da an san shine dalilin ba, bayan wani lokaci a ce sun warke su koma cin komai. Willem Dicke, likitan yara a Holan, shi ya ɗora yatsa akan alkama, ya ƙara tabbatarwa a yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 lokacin da burodi ya ɓace yaran da yake kula da su suka ji dama, burodi na dawowa suka koma gidan jiya, ya rubuta kundinsa akai a 1950.

A ganina darasin aikin a nan na ma'aikatan lafiya ne kafin iyaye. Ranar da aka gano cutar ya kamata a faɗa wa iyali gaba ɗaya, har da kaka da duk mai ba yaron abinci, cewa nan gaba gwajin zai dawo daidai kuma yaron zai iya cin burodi bai ji komai ba, kuma dukansu biyun ba warkewa bane. In an faɗa tun kafin ya faru ana yarda, in sai bayan ya faru ne sai a ga kamar likita na kare maganarsa. Tsallake gutsuro naman hanji kuma abu ne mai kyau ga yaro, amma a iyalin da wani yake da shakku gara a tsaya a yi doguwar magana tun farko akan meyasa jinin ya wadatar.

Sauran abubuwan da aka duba

Tunda DQ2 da DQ8 suna da hannu a wasu cututtukan da garkuwar jiki ke juya wa jiki baya, aka duba mata tayirod, wani ƙullutu a wuya mai fitar da sinadarai, ya fito lafiya, aka kuma gaya wa iyayen alamomin ciwon suga nau'i na 1, yawan ƙishirwa da fitsari da rama. An auna garkuwarta ta rigakafin ciwon hanta nau'in B sai aka ga ta yi ƙasa duk da ta karɓi alluran tana jaririya, wannan sananne ne a yara masu siliyak, aka sake mata bayan ta koma kan tsarin abincinta. Sauran allurai kuwa kamar kowane yaro, domin siliyak ba raunin garkuwa bace irin wadda take sa yaro ya riƙa kamuwa da kowace cuta, garkuwa ce da ta yi kuskuren abokin gaba guda ɗaya. Kuma ba ita ce alajin alkama ba, shi alaji ta hanyar wani nau'in antibodi mai suna IgE yake bi, cikin mintuna zaka ga ƙuraje da kumburi da sarƙewar numfashi.

Maman ta yi wata tambaya da na san ta daɗe tana cinta, tace ko ni na jawo mata da na fara bata abin alkama da wuri kuma na yaye ta da wuri? A'a. Manyan bincike guda biyu da aka fitar a 2014, ɗaya a ƙasashen Turai da dama ɗaya a Italiya, sun bi jarirai masu gadon cutar, kuma ba fara gulutin kaɗan-kaɗan da wuri ba, ba jinkirta shi zuwa wata 12 ba, ba shayarwa ba, babu wanda ya hana cutar zuwa, jinkirtawar dai ta ɗan ɗaga lokacin fitowarta kawai.

'Yan uwa na jini kai tsaye haɗarinsu ya kai wajen 1 cikin 10, don haka aka gwada iyayen da yara biyu. Yayanta namiji bashi da DQ2 bashi da DQ8, shi kusan an rufe babinsa. Ƙanwarta tana da DQ2 amma tTG babu, ita zata ci gaba da cin alkamarta kamar kowa ana sake gwada ta lokaci-lokaci ko in alama ta fito, ba a cire wa yaro gulutin don tsoro kawai. Uban da yake ta fama da ƙarancin jini da kumburin ciki tun yana saurayi shi aka samu tTG ɗinsa a sama, an tura shi ɓangaren manya.

Wata matsala da ta taso a zagaye na biyu ita ce kayan kanti masu tambarin babu gulutin. Don a rarrashe ta aka cika mata kabad da biskit da kek na musamman, sai ga taurin bayan gida da ƙiba tana neman wuce iyaka, domin yawancinsu sitaci ne tsantsa da suga da mai, ba harza, kuma ba kasafai ake ƙara musu ayon da bitamin B kamar yadda ake yi wa fulawar alkama a ƙasashe da dama ba. Aka rage su aka koma hatsi na asali da wake da ganye da 'ya'yan itace. Hatsin ots ma an ce su dakata tukuna sai tTG ya daidaita, sannan a gwada wanda aka tabbatar bai gauraya da alkama ba.

Yanzu shekararta 9 da wani abu. tTG yana sauka amma bai kai iyaka ba tukuna, feritin ya hau, tsayi ya fara motsi. Ana ganinta duk wata 6 har sai gwajin ya daidaita sannan a koma sau ɗaya a shekara. An fara koya mata karanta bayan kwali da kanta da yadda zata ce a'a a makaranta ba tare da dogon bayani ba, saboda shekarun da ke tafe, lokacin da yaro ke fara cin abinci a waje da abokai ba idon uwa, su ne aka fi samun yara suna sakin tsarin. Kakar ce yanzu take riƙe da rariyar yarinyar a gidanta, ta ɗaura mata jan zare a hannu don kada a haɗa. Awon ƙarfin ƙashi da bitamin D suna cikin abinda za a duba a zuwa na gaba.